Maganin Rashin Natsuwa da Tasirinsa ga Mazakuta: Duba daga Tambuwal da Kebbe

Larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, wadda likitoci ke taƙaitawa da ADHD, ba ta tsaya ga yara kaɗai ba. Takan bi wasu har su zama magidanta. Daga cikin manyan magungunanta akwai metilfenidet, wanda aka fara haɗawa a kamfanin Ciba na ƙasar Suwizalan a 1944, aka kuma fi saninsa da sunan Ritalin. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sanya shi, tare da amfetamin, cikin magungunan da ake tsaurara sa ido a kansu. Saboda haka mutumin Tambuwal ko Kebbe da ke bukatarsa sai ya nufi Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ya zarce Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake. Wannan nisa yana da nasa tasiri idan matsala ta taso a shimfiɗar aure.

Aikin maganin shi ne ƙara sinadarai biyu a jijiyoyi: dofamin da noradirenalin. Na farko yana da hannu a sha'awa, shi ya sa wasu mazan kan ji ta ƙaru. Na biyu kuwa yana tsuke hanyoyin jini, alhali miƙewar gaba ba ta samuwa sai waɗannan hanyoyi sun saki, jini ya cika su. Nan ne ruɗanin yake: zuciya na so, jiki ya ƙi. Wasu kuma sha'awar ce ke dusashewa, musamman da yake maganin na rage barci da cin abinci.

Magidancin da ya ga haka ba kasafai yake zargin ƙwayar da likita ya ba shi ba. Ya fi saurin ɗora laifin a kan basir ko sanyi, ko ma sammu, kuma mai tallan maganin ƙarfin maza a kasuwar garinsu ya fi Kware kusa da shi. Kunya ma ba ta barin ya buɗe baki gaban likita. Kuskuren yana da tsada, domin galibi raunin na tafiya ne da yawan maganin da lokacin shansa. Likita na iya rage shi, ko ya sauya lokacin, ko ya canza wani.

Akwai illa ta daban wadda ba ta da yawa amma ta fi haɗari. A Disambar 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa metilfenidet na iya jawo miƙewar gaba mai zafi wadda ba ta kwanciya, wani lokaci bayan an ƙara yawansa ko an dakatar da shi. Gargaɗin ya fi shafar ƙasar Hausa fiye da inda aka fitar da shi, domin ciwon sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, shi kansa yana haddasa wannan matsala. Idan miƙewar ta wuce awa 4, jinin da ya taru yakan fara lalata tsokar wurin, jinkiri kuma na iya kashe mazakuta baki ɗaya. Mutumin Kebbe da abin ya same shi cikin dare bai kamata ya jira ranar komawa Kware ba. Asibiti mafi kusa zai nufa nan take, ya faɗi sunan maganin da yake sha, ya kuma faɗi ko yana da sikila.