Kafin Ka Zargi Sifika, Leƙa Bayan Talabijin

Mutum zai tara kuɗi ya sayo ƙaton talabijin da sifiku, ya kafa a falo, ya kunna fim, sai ya ji sautin bai kai wanda ya ji a shago ba. Nan take zai ce mai kaya ya yi masa sakiyar da ba ruwa. Sau da yawa kuwa kayan lafiyarsu ƙalau, wayar da aka jona da kafar da aka soka ta su ne suka shaƙe sautin.

Wayar da kowa ya sani ita ce mai kai ja da fari, wadda ke zuwa da rawaya ta hoto. Layi biyu kacal take ɗauka, hagu da dama. Ko sifika shida ka jera, waɗannan biyun ne na'ura za ta rarraba musu.

Wadda ta fi ta inganci ita ce optikal, wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983. Da haske take aika sauti, shi ya sa za ka ga jan haske a bakinta idan talabijin na kunne. Tana ɗaukar 5.1, wato sifika biyar da ta bas ɗaya, a tsarin Dolby Digital ko DTS. Tunda zaren cikinta ba ƙarfe ba ne, ba ta kwaso gurnanin nan da ake ji a gidan da wayarin ɗinsa ke da matsala. A cire 'yar hular robar da ke bakinta kafin a soka, kuma kada a lanƙwasa ta da ƙarfi. Iyakarta dai ke nan, ba ta iya ɗaukar tsarin sauti na Dolby Atmos.

Inda aka fi rikicewa shi ne HDMI. Tun 2002 aka tsara ta don ta kai hoto da sauti cikin talabijin, amma sai a 2009 aka ƙara mata ARC, hanyar da sauti ke fitowa daga talabijin ya koma sifika ta wayar guda. Talabijin na iya zuwa da kafa uku ko huɗu, amma yawanci ɗaya ce tak aka rubuta ARC a gefenta da ƙananan haruffa. Ka soka a wata, shiru za ka ji. Ko ka dace da kafar, yawanci sai ka kunna wani zaɓi mai suna CEC a saiti, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Wannan ɓoye suna, a ganina, wahalar da mai saye ne kawai. A 2017 aka kawo eARC tare da HDMI 2.1, ita ce ke ɗaukar cikakken sauti irin Dolby TrueHD ba tare da an matse shi ba, muddin talabijin da sifikar duka suna da ita.

Masu gem su lura: PlayStation 5 da Xbox Series X, da suka fito a 2020, ba su da kafar optikal. Abin da ya fi shi ne a jona gem ɗin kai tsaye da talabijin, sauti ya bi ta ARC ko eARC zuwa sifika. Bluetooth kuwa a bar wa jin waƙa, domin yana jinkiri. Ka buga ƙwallo, sai ta bar ƙafar ɗan wasa kafin ka ji ƙararta.

Sai batun tsada. Wayar HDMI mai bakin zinare ba ta ƙara wa sauti daɗi ko ƙwayar zarra. Abin dubawa shi ne rubutun kwalinta, kuma mai PS5 da ke son 4K a kan 120Hz ya nemi wadda aka rubuta wa Ultra High Speed. Haka nan tashar da ke watsa sautin layi biyu ta dikoda, babu wayar da za ta mayar da shi Atmos.

Don haka kafin ka tafi kasuwa, ɗauki hoton bayan talabijin ɗinka da wayar hannu, ka nuna wa mai shago, a gwada a gabanka sannan ka biya.