TAFIYAR KIRSIMATI DA ƘANANAN YARA

Ga watan Disamba ya kama. An kai amfanin gona gida, makarantu sun kusa ba da hutu, ma'aikata kuma suna ƙirga kwanaki. Nan gaba kaɗan tashoshin mota za su cika maƙil da masu zuwa gida Kirsimati, har da waɗanda ba su yin bikin, amma hutun ya ba su damar ziyara. Zumunta a ƙafa ta ke, ba mai hana ku. Amma fa cikin ayarin nan akwai wanda ba a shawarce shi ba, ba ya kuwa iya cewa ya gaji ko yana jin sanyi, watau jariri da ɗan yaye. A kansu za mu yi magana yau. Tushen maganar ɗaya ne: in za a yi tafiya da ƙaramin yaro, da ƙarfinsa a ke auna tafiyar, ba da ƙarfin manya ba.

WA ZAI TAFI, WA ZAI ZAUNA

Jaririn da bai cika wata 2 ba, zamansa gida ya fi. Jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna, kuma cutar da za ta sa babba atishawa kaɗai tana iya kwantar da shi asibiti. Kakanninmu da ba su barin mai jego ta yi nisa da gida sai ta yi arba'in, sun yi dabara a nan. In kaka tana marmarin ganin jikanta, a aika mata da kuɗin mota ta zo. Tsohuwa ta fi jinjiri jimirin hanya.

Hakanan yaron da ke zazzaɓi, ko zawo, ko tari mai sa shi haki, kada a ɗauke shi a ce ya warware a hanya. Hanya ba ta warkar da kowa. A kawo shi ɗakin magani a duba shi, a ɗaga tafiyar kwana biyu ko uku. Asarar kuɗin mota a kan mai da ita.

KU DUBI KATIN RIGA-KAFI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau ku fito da katin yaron ku duba. A kan yi riga-kafi ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan wata 9, da wata 15. Kyauta a ke yi a asibitin gwamnati. In akwai wadda ta wuce shi, ku kawo shi wannan makon, gama allurar ƙyanda ta kan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ta fara tsare jiki.

Me ya sa mu ke matsawa haka? Domin biki taro ne, ƙyanda kuwa taro ta ke so, musamman da rani. Yaron da ya kamu yana yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito masa, sa'ad da kowa ke tsammani mura ce. Ƙwayar cutar ta kan zauna cikin iskar ɗaki har sa'a 2 bayan ya fita. Cikin yara 10 marasa riga-kafi da suka zauna kusa da shi, har 9 suna iya kamuwa.

Ba ƙyanda kaɗai ba. Daga Disamba zuwa Yuni lokacin sanƙarau ne. A 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya. Mashaƙo kuma da ya ɓarke a ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano, yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su cika riga-kafinsu ba. Katin nan ku sa shi cikin jaka ku tafi da shi.

INA ZA KU?

Kowace ƙasa da irin nata haɗarin, sai ku yi shiri daidai da inda kuka nufa.

In ƙasar tudu za ku, kamar Jos, ko Fankshin, ko Bokkos, ko Biu, ko Gembu a kan Mambila, to, sanyi ne abokin gaba. Jos tana bisa tudu na wajen mita 1,200, da dare cikin hunturu sanyinta ya kan sauka kusa da digiri 10. Yaron da ya saba da Sakkwato ko Maiduguri sai an ƙara masa sutura. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da babba ya sa, a ƙara wa jariri riga ɗaya a kai, da hula, da safa.

In bakin kogi za ku, kamar Numan, ko Yola, ko Ibi, ko Makurɗi, ko Yawuri, kada ku ce ai damina ta wuce. Inda kogi da fadama su ke, sauro ba ya ƙarewa. Maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da a ke bi gida gida a ba yara da damina, ƙarfinsa wajen wata ɗaya ne, ya riga ya fita jikinsu. Ku tafi da gidan sauronku. Kada ku dogara ga na masu masauki, gama gidan da ya cika da baƙi, gidan sauro ba ya isar kowa.

In ƙauye ne mai nisa da titi, abin da za ku fara tambaya ran da kuka sauka shi ne: ina asibiti mafi kusa, yana buɗe ranar biki, wa kuma ke da abin hawan da za a tasa da tsakar dare?

Akwai kuma masu fita buɗe ido. Wasu su kan tafi Yankari ta Jihar Bauci su ga namun daji, su yi wanka a marmaron Wikki mai ɗumi. Wasu gidan zu na Jos ko na Kano. Wasu bikin Afan na Kagoro ran 1 ga Janairu. Ba laifi. Amma ɗan yaye ba ya bambanta giwa da saniya, wuri kusa ya ishe shi. Ku je da hantsi, ku komo kafin ya galabaita. A bakin ruwa kuwa hannunku kada ya rabu da nasa, domin ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya cinye yaro, ba kuwa za ku ji kukansa ba.

KAYAN YARO

Waɗannan su zauna cikin ƙaramar jaka a hannun uwa, kada a ɗaure su bisa mota tare da buhun shinkafa:

1. Katin riga-kafi, da maganin da yaron ya ke sha kullum in akwai.
2. Tafasasshen ruwa cikin gora mai murfi, da kofi da cokali nasa na kansa.
3. Garin gishiri da sukari na asibiti, watau O.R.S., ƙunshi 3 ko 4, da ƙwayar zinki.
4. Farasitamol na yara. Ku tambayi malamin asibiti ma'aunin da ya dace da yaronku kafin ku tashi.
5. Sabulu, da man shafawa, da tsummoki masu tsabta, da leda ta zuba masu datti.
6. Hula, da safa, da rigar sanyi, da mayafi.

A HANYA

Ku tashi da sassafe, ku sauka da sauran rana. Kada dare ya same ku a hanya da yara. Da hunturu hazo ya kan rufe titi, direbobi kuma a watan nan suna gaggawa su yi sawu biyu a yini. In kun ga direba yana gudun wuce sa'a, ko yana gyangyaɗi, ko kun ji warin giya, ku yi magana, in ya ƙi ji ku sauka. Sauri ya kan haifi nawa.

Mai jariri kada ta zauna gidan gaba. Ta zauna baya, nesa da tagar da iska ke shiga. Ta kwance goyo ta riƙe shi a gaba, kada ta jingina da shi a bayanta. Wanda ya ke da motar kansa ya nemi kujerar yara ya ɗaure ta a baya, gama in mota ta ci birki da ƙarfi, ba hannun da ke iya riƙe yaro. Doguwar tafiya a kan babur da goyo kuwa, a guje ta iyakar iko.

Ke uwa, ki ba shi nono duk sa'ad da ya nema, kada kunyar fasinjoji ta hana ki. Wanda bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Ke ce za ki yawaita sha. Bulumboti kuwa ba ya wankuwa a hanya, madara ta kan lalace a cikinsa, shi ya sa mu ke cewa kofi da cokali. Wanda ya fara cin abinci, a taho masa da nasa daga gida. Abincin tasha da ya sha ƙura da ƙuda ba na cikinsa ba ne. Gyaɗa da alewa mai tauri kuma su kan sarƙe yaro in mota ta faɗa rami.

Abu ɗaya kuma, ku ji shi da kyau. Kada a ba yaro maganin tari ko na mura wai don ya yi barci ya bar mutane su huta. Irin wannan magani yana iya danne numfashinsa. Mai kodin a ciki ma, tun 2018 Gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi. Kukan yaro a mota ba abin kunya ba ne.

IN KUN SAUKA

Kowa zai so ya ɗauki baƙo. Madalla. Amma a wanke hannu da sabulu tukuna, mai tari ko mura kuwa ya yi masa wasa daga nesa. Za a kuma so a ɗanɗana masa zuma, ko jiƙo, ko ɗan abin da manya ke sha. Zuma ba ta dace da yaron da bai shekara ba, giya kuwa ko ɗigo. Maigida, hana wannan aikinka ne. Matarka tana jin nauyin surukarta, ba za ta iya buɗe baki ba. Kai ne za ka ce, "Mama, a yi haƙuri, a asibiti an hana."

Ruwan rijiyar garinku da kai ka sha ka girma, cikin ɗanka bai san shi ba. A tafasa masa. Naman biki da shinkafar da suka kwana, a sake ɗumama su su yi zafi ƙwarai. A rufe abinci saboda ɓera, gama da rani zazzaɓin Lassa ya fi yawa, ɓera ne kuwa ke kawo shi.

Da dare kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Garwashi yana fid da wata iska marar launi, marar wari, mai kashe mutum cikin barci. Hayaƙin janareta ma haka ne, sai a ajiye shi waje, nesa da taga. Ranar girki kuma, sa'ad da tukwane ke bisa murhu a tsakar gida, a sa mutum ɗaya babba wanda ba shi da wani aiki sai duban ɗan yaye. Yaron da kowa ke dubawa, ba mai dubansa. In ya ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki. Kananzir da fetur kada a zuba su cikin kwalbar lemo. In ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti.

IN CIWO YA ZO

In zawo ya kama shi, a dama O.R.S. da tafasasshen ruwan da ya huce, daidai yawan da aka rubuta a jikin ƙunshin. In babu, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi, cikin ruwa lita 1. Wanda bai kai shekara 2 ba, a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan kaɗan. Abin da ya kwana ya yini a zubar a dama sabo. A ci gaba da nono da abinci, a ba shi zinki kwana 10 zuwa 14.

In tari ne, ku buɗe ƙirjinsa sa'ad da ya natsu, ku ƙirga numfashinsa minti ɗaya da agogo. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. Wannan alamar ciwon haƙarƙari ce, watau namoniya, a kai shi a duba shi ran nan.

Ga kuma alamun da ba a jiran gari ya waye da su, ko da ana tsakiyar biki:

1. Ya ƙi kama nono, ko ya kasa sha.
2. Kome aka ba shi sai ya amayar.
3. Jijjiga, ko barcin da ba ya tasuwa.
4. Ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki in ya ja numfashi.
5. Maɗiga ta kumbura ko ta faɗa, ko wuya ya sanƙare.
6. Jini cikin kashi.
7. Kowane irin zazzaɓi ga jaririn da bai cika wata 2 ba.

BAYAN KUN KOMO

Tafiya ba ta ƙare ran da kuka sauke kaya ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, ƙyanda kuwa kwana 10 zuwa 14. Saboda haka ku sa wa yaron ido har ƙarshen Janairu. In jikinsa ya yi zafi, ku kawo shi a gwada jininsa kafin a ba shi magani, ku kuma gaya wa malamin asibiti garin da kuka je, da ko kun tarar da yara marasa lafiya a can. In kun ga ƙuraje, ku faɗa tun daga bakin ƙofa, don kada a zaunar da shi cikin sauran yara.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya, ku da 'ya'yanku duka. A yi biki lafiya.