Funfuna da Ruɓewar Katako

A ƙasashen Funtuwa da Malumfashi damina ta fi ta arewacin Katsina ƙarfi, saboda haka katakon da aka sayo domin rufin makaranta ko ɗakin shan magani yakan lalace tun ba a kafa shi ba. Akan ɗora wa gara laifi, alhali kuwa sau da yawa aikin funfuna ne.

Funfuna dangin naman kaza ce. Irinta yana yawo cikin iska, ido ba ya ganinsa. In ya sauka bisa ɗanyen katako sai ya saki zare ya shiga ciki. Akwai wadda takan rina katako ya yi shuɗi-shuɗi, musamman farin katakon da ake kawowa daga Kudu. Wannan ba ta rage ƙarfi ainun, amma shaida ce an bar katakon cikin laima. Muguwar ita ce mai cin naman itacen, ya yi ja yana daddarewa, ko ya yi fari da taushi. Ƙarfinsa yakan tafi tun alama ba ta bayyana ba, har wata rana rufi ya rufta wa yara.

Katakon da ruwan jikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. Ya kamata Hakimai su sa a jera shi bisa duwatsu ƙarƙashin rumfa, da 'yan sanduna tsakani domin iska ta ratsa. Malamin da zai karɓi katako ya soka masa tsinin wuƙa ya ɓanɓaro: mai lafiya yakan tsage dogo, ruɓaɓɓe sai ya gutsure. Ginshiƙin da za a binne kuwa, a nemi ƙirya.