Potiskum Da 'Yan Tsibiran Japan: Abin Kallo Da Abin Ci

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Potiskum, ko da kuwa iyakar saninsa da ita shi ne mota ta tsaya ta sha mai, a yi salla, a sayi tsire a takarda a koma kujera. Gari ne na mararraba. Hanya ta taso daga Kano ta Azare, wata daga Bauci, wata ta yi arewa zuwa Gashuwa, wata ta yi kudu ta Fika ta nufi ƙasar Gwambe, babbar kuwa ta miƙe gabas zuwa Damaturu, tafiyar wajen kilomita 100. Ga kasuwar shanu wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga manyan motocin ɗaukar kaya jere a bakin titi ba dare ba rana. Baƙi dai Potiskum ba ta rasa su. Abin da take ƙaranci shi ne baƙon da zai zo domin garin kansa, ya kwana biyu yana kallo yana cin abincin mutanen gari, ya bar musu kuɗinsa, ya koma gida ya ba da labari.

Kada a ce ai wannan sai manyan birane. Akwai waɗansu 'yan tsibirai a ƙasar Japan da suka ƙaryata wannan zato, kuma labarinsu ya isa a ji shi.

Tsibiran suna cikin wani teku da ake kira Seto, wanda ya ratsa tsakanin manyan tsibiran ƙasar. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Naoshima. Mutanensa duka-duka wajen 3,000 ne, watau ba su kai unguwa guda ta Potiskum ba. Daga tashar jiragen ruwa ta Uno tafiyar minti 20 ce. Tun 1917 kamfanin Mitsubishi ya kafa masana'antar narka tagulla a arewacin tsibirin, ta ba mutane aikin yi, amma hayaƙinta ya ƙone itatuwan da ke kan duwatsu. Da zamani ya juya sai samari suka riƙa tafiya birane, aka bar tsofaffi da gidajen da ba kowa.

A 1985 shugaban hukumar garin, Chikatsugu Miyake, ya yi shawara da wani attajiri mai kamfanin buga littattafan makaranta, Tetsuhiko Fukutake, a kan yadda za a raya kudancin tsibirin. Attajirin ya rasu a 1986, ɗansa Soichiro ya ɗauki maganar. A 1992 aka buɗe gidan farko, Benesse House, wanda mashahurin magini Tadao Ando ya tsara. Rabinsa masauki ne, rabinsa gidan nuna zane-zane da sassaƙe-sassaƙen zamani, don haka baƙo yana kwana ne tare da abin da ya zo kallo. A 2004 aka ƙara wani mai suna Chichu, wanda aka gina kusan dukansa a ƙarƙashin ƙasa don kada ya ɓata kyan tudun. Haske daga sama yake shiga. A ciki akwai ɗaki guda da aka rataye zane biyar na Claude Monet, Bafaranshe, dukansu na furannin bado a kan ruwa, kuma sai mutum ya tuɓe takalmansa kafin ya shiga. Bado dai, wanda yara ke tsinka a tabki da kaka, shi mutane ke ƙetare teku su kalla.

Amma aikin da ya fi dacewa mutumin Potiskum ya lura da shi ba waɗannan manyan gine-gine ba ne. A 1998 aka fara karɓar tsofaffin gidajen da masu su suka bari a ƙauyen Honmura, ana gyara su, ana ba mai fasaha guda gida guda ya yi aikinsa a ciki. Na farko gida ne mai shekara wajen 200. Wani mai suna Tatsuo Miyajima ya zuba ruwa a tsakar ɗakin, ya jera 'yan fitilu masu ƙirga lamba a cikin ruwan, sa'an nan ya kira mutanen ƙauyen su 125, yaro da babba, kowa ya saita saurin ƙirgar fitila guda yadda ya ga dama. Daga ranar nan aikin ya zama nasu. Tsoho zai kama hannun baƙo ya nuna masa hanya, domin yana da fitila a ciki.

Akwai kuma wata ƙatuwar kabewa rawaya mai ɗige-ɗigen baƙi, aikin wata mata Yayoi Kusama, da aka ajiye a bakin teku a 1994. Ita ce ta zama tambarin tsibirin. Guguwa ta yi awon gaba da ita a watan Agusta 2021, aka mayar da sabuwa a watan Oktoba 2022.

Labarin tsibirin Teshima, maƙwabcin Naoshima, ya fi ɗaci. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 wani ɗan kasuwa ya riƙa jibge sharar masana'antu a can ba bisa ƙa'ida ba, har 'yan sanda suka tsayar da shi a 1990. Mutanen tsibirin suka yi shekaru suna kai ƙara kafin a yi sulhu a 2000. Sharar da aka kwashe tsakanin 2003 da 2017 ta haura tan 900,000. Sunan Teshima ya ɓaci, har amfanin gonarsu da kifinsu mutane suka riƙa gudu. A 2010 aka buɗe musu nasu gidan kallo a kan tudu, tsakiyar gonakin shinkafa da aka farfaɗo da su bayan an daɗe da barinsu. Ginin sumunti ne kamar an kife ƙwarya, ba ginshiƙi ko ɗaya, da manyan ƙofofi biyu a sama inda iska da kukan tsuntsaye ke shiga. Ba hoto ko guda a ciki. Ɗigon ruwa ne kawai ke tsattsafowa daga daɓe, yana gangarawa yana haɗuwa da ɗan'uwansa, mutane na zaune shiru suna kallo. Wanda ke ƙyamar wannan harka saboda zancen gumaka da surar mai rai, to ga gidan da babu ko ɗaya.

A shekarar nan ta 2010 aka fara wani biki na masu fasaha wanda ake yi duk bayan shekara uku a tsibiran tekun, kuma a na 2019 masu shirya shi sun ƙirga baƙi fiye da miliyan ɗaya. To, a nan ne zancen ciki ya shigo. Baƙon da ya wuni yana hawa tudu a kan keke dole ya nemi abin da zai ci, ƙauyukan kuwa ba su da gidajen abinci sai ɗai-ɗai. Sai aka gyara wani kango a ƙauyen Karato na Teshima, aka yi masa rumfa mai faɗi a tsakar gida, aka sa masa suna Shima Kitchen, watau madafar tsibiri. Matan ƙauyen ne ke girki, da kifin tekunsu da ganyen lambunsu, masu dafa abinci na wani otal a Tokyo suka taimaka musu wajen tsara yadda za a zuba wa baƙo. Ba a kawo musu abincin birni ba. Abin da suke ci a gida shi aka gyara wa kwano. A sauran tsibiran ma haka abin ya bazu: wannan ta buɗe ɗan shago a zauren gidanta, wancan yana sayar da taliyar alkama mai kauri da ake kira udon, wadda lardin Kagawa ya yi suna da ita. Kuɗin ƙofar gidan kallo na masu gidan ne, amma kuɗin abinci da na hayar keke da na kwana a hannun mutanen gari yake faɗawa.

A nan Potiskum ba ta da abin jin kunya. Garin da shanu ke kwana dubbai ba a koya masa gashin nama. Akwai tsire da balangu da kilishi, akwai fura da nonon da matan Fulani ke shigowa da shi da hantsi, akwai masa da miyar taushe, akwai tuwon gero da na dawa, ga masu shayi da ba sa rufewa saboda direbobi. Madafar da mutanen Teshima sai da aka gina musu, Potiskum tana da irinta a kowace kwana. Abin da babu shi ne wanda zai haɗa ta da abin kallo.

Abin kallon kuwa akwai shi, sai dai a warwatse yake. A 1924 aka mayar da hedkwatar masarautar Fika daga garin Fika zuwa Potiskum, kuma a fadar akwai ɗakin da ake adana kayan tarihin masarautar. Ga kuma fadar Sarkin Pataskum. Gari ne na Ngizim da Bolawa da Karekare da Ngamo, ga Fulani da Barebari da Hausawa, kowa da irin tukunyarsa da saƙarsa da zanen ƙwaryarsa da kiɗansa. A 2004, a cikin garin nan aka buga ƙamus-ƙamus na harsunan yankin, aikin Farfesa Russell Schuh na Amurka da Dokta Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu 'yan ƙasa. Kalmomi sun sami masu tattara su. Tukwane da kayan saƙa da tsofaffin ƙore kuwa roba da bakin ƙarfe na ta korarsu daga ɗakunan mata, tsofaffin da suka iya yin su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Sa'an nan ga kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, sai ya ci karo da itace a ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tone wurin a 1994, suka tarar da kwalekwale ne na itace guda, tsawonsa ya ɗara mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi daɗewa, a duniya ma kaɗan ne suka girme shi. An ɗauke shi an kai Damaturu. Fasinjoji nawa ne ke wucewa ta Potiskum kullum ba su taɓa jin cewa ga abin da aka haƙo a maƙwabtansu ba?

Gaskiya dai ba za a ɓoye ta ba, tsibiran Japan sun sami attajiri guda da ya yi shekara fiye da 30 yana zuba dukiya ba ya gajiya, kuma sun sami zaman lafiya. Potiskum ta ga tashin hankali. An kai hari kasuwar shanu a watan Mayu 2012, an kai wa 'yan makarantar sakandaren kimiyya a watan Nuwamba 2014, an yi asarar rayuka masu yawa, kuma irin wannan suna ba ya goguwa da wuri a zuciyar matafiyi. Sai dai Teshima ma da mummunan suna ta fara. Kuma ba kome na Japan ne abin koyi ba: ran da gidajen kallo suke hutu shaguna da yawa ma a rufe suke, baƙon da bai yi tambaya ba sai ya wuni da yunwa, tsofaffin kuwa har yanzu sun fi yara yawa. A tsibirin Inujima, inda aka mayar da kangon masana'antar tagulla gidan kallo a 2008, mazauna ba su kai 100 ba.

Attajirai kam Potiskum tana da su, masu shanu da masu motoci. Aikin Honmura kuwa bai fara da wani katafaren gini ba, da tsohon gida guda ya fara. Zaure ɗaya na ƙasa a tsohuwar unguwa, a yi masa yaɓe, a jera tukwane da ƙore da zannuwan saƙi na kowace ƙabila da sunan wadda ta yi, a bar bango guda ga samarin da ke zanen allunan shaguna da jikin manyan motoci, da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, a ƙofar gida kuma a ba mai masa da mai fura wurin zama a inuwa. Dillalin da ya gama cinikin shanu da azahar, motarsa ba za ta tashi ba sai bayan magariba, yana da awa huɗu ko biyar da a yanzu a kan benci yake ƙarar da su.