Takardar Kama Aiki Ba Ta Zuwa Da Ɗaki

Ranar da ɗan yayata ya samu aiki a Abuja sai da aka yi guɗa a tsakar gida. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, uwarsa ta sa aka soya waina aka raba sadaka, ƙannensa kuwa tun a daren suka fara lissafin wayar da zai saya musu. Da hayaniya ta lafa na ja shi zaure na yi masa tambaya guda: "To, ranar Litinin a ina za ka kwana?" Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai akwai wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare." Na ce a wace unguwa yake? Bai sani ba. "Abuja dai," in ji shi.

Wannan "Abuja dai" ita ke jefa sababbin ma'aikata da yawa cikin wahala, domin a bakin mutanen gida Abuja gari ɗaya ne, alhali wanda ya zauna ya san garuruwa ne barkatai da tituna suka haɗa. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, amma sai ranar 12 ga Disamba 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, fadar gwamnati ta taso daga Legas. Sunan ma aro aka yi: ainihin Abuja ita ce garin da yanzu ake kira Suleja a jihar Neja. An zana birnin a takarda kafin a gina shi, an ware Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, an shimfiɗa tituna masu faɗi, amma ba a tanadar wa masinja da direba da ƙaramin akawu isasshen wurin kwana a ciki ba. Da can akwai gidajen gwamnati da ake ba ma'aikata. Daga shekarar 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da irin waɗannan haƙƙoƙi kuɗi a cikin albashi, daga baya aka sayar da gidajen, kowa ya koma neman na kansa. Shi ya sa mafi yawan masu aiki a Abuja ba a cikinta suke kwana ba. Suna Kubwa, Lugbe, Karu, Nyanya, Gwagwalada, Kuje ko Zuba, wasu ma sun tsallaka wata jiha: Mararaba da Masaka a Nasarawa suke, Madalla da Suleja a Neja.

Abokin ɗan yayata, ashe, a Masaka yake. Ofishin kuwa yana can tsakiyar birni. A taswirar waya tafiyar ba ta da wani tsawo, amma hanyar Keffi da ake bi daga Masaka, da safe ba a auna ta da kilomita. Mutum zai yi sallar asuba ya fito da duhu-duhu, ya tarar da jama'a sun riga shi tsayuwa a bakin titi, mota na tsayawa a yi caa a kanta. Daga Mararaba zuwa gadar Nyanya, a hau tudun Kugbo a gangara mahaɗar AYA, ƙafar direba ba ta rabuwa da birki. Wanda ya makara da minti talatin a gida yana iya makara da awa biyu a ofis. Da yamma kuma a sake maimaitawa, a iso gida bayan isha'i, ba ƙarfin dafa ko taliyar leda. Yaron nan ya yi wata guda a haka, da ya zo gida uwarsa ta ɗauka ciwo ya yi.

Saboda haka tambayar farko ga mai neman ɗaki ita ce: mota nawa zan hau kafin in isa wurin aiki, kuma nawa zan kashe a rana? Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu. A ɗauka, misali, mutum yana kashe naira 3,000 zuwa da dawowa. A kwana 22 na aiki ya kashe 66,000, ga shi mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ɗakin da ya yi araha a nesa sau da yawa a bakin titi ake biyan cikon kuɗinsa, kullum da safe, da kuma lafiyar jiki. Ba cewa nake kowa ya nemi Wuse ba, wannan sai mai hali. Abin da nake nufi a zauna a ɓangaren da ofis yake fuskanta. Mai aiki a hanyar filin jirgi ba shi da dalilin kwana a Mararaba ga Lugbe a gefensa, mai aiki a Jabi ko Utako kuwa Kubwa da Dutsen Alhaji sun fi masa sauƙi. A kuma sani cewa tun 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, an hana acaɓa a tsakiyar gari, don haka dabarar "in na makara sai in hau babur" da ta yi aiki a Katsina ko Gusau ba ta aiki a nan.

Sai batun hayar kanta. Wanda ya taso a garin da ake biyan haya wata-wata, ko ake yi wa mai gida magana ya ɗaga ƙafa saboda sanayya, zai sha mamaki. A Abuja kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, wasu masu gidan ma shekara biyu suke nema ga sabon shiga. Kuma kuɗin da aka faɗa maka a waya ba shi ne za ka biya ba. A ce hayar ɗaki mai banɗaki a ciki naira 800,000 ce. Dillali zai ɗora la'adarsa, yawanci kashi 10 cikin ɗari, 80,000 ke nan. Za a ce akwai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, shi ma yakan kai haka. Akwai kuɗin ajiya na ɓarna da ake cewa za a mayar maka ranar tashi (wanda aka mayar wa nasa cif-cif ya yi sa'a). In gidan cikin rukunin gidaje yake, ga kuɗin mai gadi da kwasar shara. Kafin ka sayi katifa ka haura miliyan guda.

Dillalan kuma iri-iri ne. Akwai na kirki, akwai wanda sana'arsa kuɗin ganin gida kawai: ya karɓi kuɗinka, ya zaga da kai gidaje uku da ya san ba za ka so ba, gobe ya sake karɓa. Mafi muni shi ne wanda zai turo maka hotuna ta WhatsApp tun kana gida, ya ce mutum biyar na layi, ka turo kafin alƙalami a riƙe maka. Kada ka tura. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka ga ɗakin da idonka, ka ga mai gidan ko wakilinsa da maƙwabta suka shaida, ka biya ta banki cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit. In ka shiga dubawa, ka buɗe famfo ka gani ko yana zuba. In ka ga 'yan ga-ruwa da kura sun yi layi a ƙofar gida, ka san jarka za ka riƙa saya. Ka tambayi mita: mai kati ce ta ɗakinka kai kaɗai, ko ta tarayya ce da za a riƙa rigima a kanta duk ƙarshen wata? Akwai tsohon bashin wuta a kanta? Ka dubi ƙasan bango, tabon ruwa ba ya ɓuya, shi zai gaya maka abin da damina ke yi a gidan. In kuma ka ga araha ta yi yawa a wata unguwar da ba tsari, ka duba bangayen layin ko hukuma ta shafa musu jan fenti, domin rusau a Abuja ba labari ba ne, kuma ɗan haya ba shi da diyya.

Duk wannan kashe kuɗi yana zuwa ne a lokacin da albashi bai fara shigowa ba. Ma'aikacin tarayya sai an shigar da sunansa cikin tsarin biyan albashi na IPPIS, an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, kuma hakan kan ɗauki watanni. Za a biya ariyas daga baya, amma ariyas ba ya sayen abincin yau. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi alawus na kwana 28 na farko a madadin masauki ga wanda aka ɗauka ko aka yi wa canjin wurin aiki; da yawa ba su ma san da shi ba, kuma sai an rubuta an nema, an bi sawu. Ko albashin ya fara zuwa, ba adadin da ke kan takarda ne zai faɗo a waya ba: za a cire haraji, a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada, a cire kashi biyu da rabi na asusun gidaje na ƙasa. Mai shirin tafiya ya tambayi wani da ke matakinsa nawa ke shiga hannunsa, a kan wannan zai gina lissafi. Ni dai shawarata, kada a taso sai da guzurin wata uku a hannu, ko da za a sayar da ɗan rago ko a karɓi adashi da wuri. Wanda kuma aka ce ya biya kuɗi a ba shi gurbin aiki, ya je hedikwatar ma'aikatar da ƙafarsa ya tabbatar da takardar kafin ya sallami tsohon aikinsa. Takardun bogi sun kai mutane Abuja sun dawo da su ba aiki ba kuɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ɗan boko ke mance cewa Bahaushe ya daɗe da warware matsalar sauka a baƙon gari. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba otal suke sauka ba. Akwai zango, akwai sarkin zango, akwai mai masauki da zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da mai saye, ya kuma tsaya maka in magana ta taso. A kan wannan tsari zangon Kumasi da Sabon Ibadan da Agege suka tsayu. Har gobe ɗan cin rani da ya sauka a Zuba ko Dei-Dei ba ya kwana a titi, kafin magariba ya gano mutanen garinsu. Mai digiri ne ke jin nauyin tambaya, ya gwammace ya yi ta latsa waya. Alhali limamin masallacin unguwa da mai shayin bakin layi sun fi kowane shafin intanet sanin ɗakin da za a tashi ƙarshen wata, da mai gidan da ke da fitina, da layin da ɓarayi suka matsa wa. Ɗan yayata a wurin mai wanki da guga ya samu labarin ɗakin da yake ciki yanzu a Kubwa, ba la'adar ko sisi.

Irin waɗannan mutanen ne kuma za su koya maka shiga mota. Akwai 'yan fashin da ake kira wan-cans, masu yawo da mota kamar ta haya, da abokan aikinsu zaune a ciki kamar fasinjoji, har da mata. Sai an yi nisa su rufe gilashi, su ƙwace waya da katin banki, su tilasta wa mutum faɗin lambar sirri, su jefar da shi a hanya. Gara a sha layi a tasha da a tare mota a bakin titi da dare don ragin naira ɗari biyu.

In ɗan'uwa ko aboki ya sauke ka, ka tuna baƙo raɓa ne. Tun ranar farko ka faɗi lokacin da kake sa ran tashi, ka riƙa sayen katin wuta ko ka cika tukunyar gas ba sai an tambaya ba. In mai iyali ne, kada ka maida falonsa ɗakin kwananka har rana ta take. Matar gida ba za ta yi magana ba, amma zumunci da yawa a irin wannan falon ya mutu.

Mai aure kuwa yana tsakanin abu biyu. Ɗauko iyali kafin a samu matsuguni ganganci ne, ga kuɗin makarantar yara da ya ninka na gida. Amma barin mace shekara da shekaru a gidan surukai, miji na zuwa ran Juma'a da dare ya juya Lahadi, shi ma ba rayuwa ba ce, ko da jirgin ƙasan da ya fara zirga-zirga tsakanin Idu da Rigasa a 2016 ya rage wa mutanen Kaduna wahala. A zauna da ita a yi maganar gaskiya, a sa wata, a yi ƙoƙarin cikawa. Kuma a nuna mata albashin yadda yake, domin ita ma tana jin ana cewa mijinta ɗan Abuja ne.

Wannan suna na "ɗan Abuja" shi ne kaya mafi nauyi da sabon ma'aikaci ke ɗauka. Ranar da ya kama aiki, ranar wayarsa ke fara ƙara: kuɗin magani, kuɗin jarrabawa, gudummawar biki, wani ma so yake a samo masa aiki a ofishin da shi kansa bai gama sanin hanyar banɗaki ba. Kunya ta hana shi cewa babu, sai ya ci bashi a manhajojin waya masu ruwa mai tsanani don ya fita kunyar gida. Na ga saƙonnin da ke wayar ɗan yayata a watansa na biyu, lokacin ko kwabo bai karɓa ba, har da na wata gwaggonsa da ke neman kuɗin anko.

Don haka roƙona ga iyaye da 'yan'uwa: in naku ya samu aiki a wani gari, ku ɗaga masa ƙafa wata shida. In da hali ma ku ne za ku aika masa, ko da ɗan gero da yaji da kuka ne a ba direban tasha ya kai masa. In kun kira shi, ku fara tambayarsa inda yake kwana.