Kafa tarihin duniya: Me ya sa bajintar 'yan dambenmu ba ta shiga kundi?

A watan Yulin 2022, 'yar Najeriya Tobi Amusan ta yi gudun mita 100 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 12.12 a birnin Eugene na Amurka, abin da babu macen da ta taɓa yi kafin ita. A watan Mayun 2023 kuma Hilda Baci ta shiga kundin Guinness bayan ta shafe sa'o'i 93 da minti 11 tana girki a Legas. Tun daga nan matasa da dama suka shiga neman kafa nasu tarihin.

Sai dai ba kowace bajinta ake karɓa ba. Kundin Guinness, wanda aka fara bugawa a Ingila a 1955, yana buƙatar abin da za a iya aunawa, a tabbatar da shi ta hanyar shaidu da bidiyo, kuma wani ya iya gwadawa bisa ƙa'ida ɗaya a ko'ina. Hilda ta yi sa'o'i 100 a gaban murhu, amma aka zaftare mata kusan bakwai saboda kuskuren lissafin hutu. Kafin shekarar ta ƙare, Alan Fisher ɗan ƙasar Ayilan ya zarce ta da sa'o'i 119 da minti 57.

A gida ma haka abin yake. Ƙwallaye 18 da Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009/2010 sun zama tarihi a gasar Najeriya, har Jude Aneke ya ci 20 a kakar da ta biyo baya. An san hakan ne domin an rubuta.

A nan ne dambe da kokawa suke da giɓi. A garuruwan Gwarzo da Kabo, kamar sauran ƙasar Hausa, bayan kaka ake fita fage, kuma makaɗa ne ke adana sunan gwani. Waƙar Ɗan Anace ta raya sunan Shago har gobe, amma kirari ba ya faɗin adadin karawa ko kisa.

Muddin ƙungiyoyin 'yan dambe da hukumomin wasanni na ƙananan hukumomi ba su fara rubuta sunayen 'yan wasa da rana da sakamako ba, gwanin da bai samu makaɗi ba sunansa zai shuɗe tare da 'yan kallonsa.