Waya da launin fatar ƴaƴanmu: abin da ya kamata ku sani

Mece ce ɓoyayyar wariyar launi?

Wariya ce da ba ta zuwa da zagi. Ku duba finafinan Indiya da ake fassarawa a Kano, waɗanda matasan Matameye ke tura wa juna a waya: kusan kullum jarumar fara ce. Tallan sabulu ma haka. Ga kuma filta, wato abin da ke gyara hoto a TikTok da Snapchat, wadda sau da yawa takan haskaka fuska ta sirantar da hanci. Ba wanda ya furta cewa baƙi muni ne, amma yaro ya ɗauki saƙon.

Kallo kawai zai cutar da yaro?

Wataƙila ku ce ai nishaɗi ne. Maimaitawar ce matsalar. A shekarun 1940, masana biyu a Amurka, Kenneth da Mamie Clark, sun ajiye wa yara baƙar fata ƴar tsana fara da baƙa. Yawancinsu suka zaɓi farar, suka ce ita ce mai kyau. Lokacin ko wayar hannu babu.

Wace alama za ku gani?

Yarinya ta ƙi ɗaukar hoto sai da filta. Ta rage shiga cikin ƙawaye, ta yawaita tsayuwa gaban madubi, ko ta soma ɓoye wani mai a jakarta. Samari ma abin yana taɓa su, sai dai ba su cika faɗa ba. Mu manya kuma muna ƙara wa wutar itace, duk sa'ad da muka yi raha da "fara ko mayya ce" a gabansu.

Ina abin yake kaiwa?

Galibi ga bilicin, wato shafa mai don sauya launi. Wasu mayukan na ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda. Wasu da haidirokinon, sinadarin da ke hana fata yin launinta, daga baya ya bar baƙin tabo. Wasu da kwatizon, maganin kumburi da ke sa fata ta yi sirara, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa. Shi ya sa Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015.

Me za ku yi?

Ƙwace waya ba ya magani. Ku zauna ku yi kallon tare da yarinyar, ku tambaye ta me ya sa jarumar kullum fara ce. Ku yabi launinta a gaban mutane. In kuwa ta riga ta soma shafawa, kada ku kunyata ta. Ku ɗauki kwalbar man ku kai yarinyar wurin likita a duba fatarta.